Sannunku da Gadi, Dogaran Amurka

Duk wanda ya yi abin yabo a yaba masa, ko da ba ɗan garinku ba ne. Shi ya sa yau na ɗauko gaisuwa ta musamman zuwa ga hukumar Secret Service ta Amurka, dogaran da aka damƙa wa rayukan shugabannin ƙasar da na masu neman kujerarsu. Sannunku da aiki, sannunku da ƙoƙari. Abin da kuka yi ranar Asabar, 13 ga Yulin 2024, a garin Butler na jihar Pennsylvania, ba kowace hukuma ce za ta iya shi ba. Kuɗin da ake ware muku a shekara ya kai dala biliyan 3, ma'aikatanku wajen 8,000, asalinku tun 1865. Amma duk wannan ɗaukaka ba ta sa muku girman kai ba. Kuka bar yaro ɗan shekara 20 ya hau rufin gini da bindiga, ya rarrafa, ya kwanta, ya gyara kwanciya, ya auna Donald Trump daga tazarar da ba ta kai mita 150 ba, ya saki harsashi 8. Irin wannan karamci ga baƙo sai 'ya'yan babban gida.

Kada wani maƙiyi ya ce rashin sani ne ya jawo. Wa ya kai ku sani? Shugabannin ƙasarku 4 bindiga ta kashe suna kan mulki: Lincoln a 1865, Garfield a 1881, McKinley a 1901, John Kennedy a 1963. Kisan McKinley ne ma ya sa aka ɗora muku gadin shugaban ƙasa, ku da aka kafa don farautar masu buga jabun kuɗi, kisan Robert Kennedy a 1968 kuma ya sa aka ƙara muku da gadin 'yan takara. Shi John Kennedy daga tagar bene aka harbo shi a Dallas, daga sama, daga nesa. Yaron Butler ya yi bitar wannan darasi. Christopher Wray, shugaban FBI na lokacin, ya shaida wa majalisa cewa ranar 6 ga Yuli yaron ya shiga intanet yana neman sanin tazarar da ke tsakanin Oswald, maharbin Kennedy, da shi Kennedy, kuma a ranar ya yi rajistar halartar gangamin. Shi ɗalibi ne, dole ya yi bita. Ku malamai ne, kun wuce nan. Kwana 10 kafin taron ma manyanku sun samu bayanan sirri cewa ana farautar ran Trump. Barazanar ba ta wannan yaro ba ce, amma ta isa ta sa kowa ya buɗe ido. Sai suka riƙe ta gam a ƙirji, ba su buɗe ta ga masu tsara tsaron filin ba, balle 'yan sandan gari. Madalla da riƙon amana.

Filin da aka yi gangamin na baje kolin amfanin gona ne, fetal, kuma ga wasu gine-gine na wani kamfani mai suna AGR suna kallon dandamalin kai tsaye. Duk mai ido ya ga cewa wanda ya hau can ya samu ɗan takara a tafin hannu. Jami'anku ma sun gani, sun tattauna, har aka yi batun a jera manyan motocin noma su tare tsakani. Ba a tare ba. Sai kuka yi abin da ya fi wannan hikima: kuka shata da'irar tsaro, kuka bar ginin a wajenta. Ai kowa ya san harsashi mai ladabi ne, idan ya iso kan layin da hukuma ta shata sai ya tsaya ya yi sallama. Kuka ce ginin yana hannun 'yan sandan yankin. Su kuma suka sa maharbansu a cikin gine-ginen, suna leƙen taro ta taga. Rufin da yake komai ya dogara a kansa aka bar shi ga tsuntsaye. Da kwamitin Majalisar Dattawa ya zo yana tambayar jami'an da suka tsara aikin wane ne mai yanke magana ta ƙarshe, sai kowa ya ce ai tare aka yi. Haka ake son 'yan'uwa, ba wanda ya ɗaga kansa sama da wani, musamman ranar da ake neman mai laifi.

Amma inda na fi jinjina muku shi ne wajen tausayin ma'aikata. 'Yan kwanaki bayan harin, shugabar hukumar, Kimberly Cheatle, ta zauna da gidan talabijin na ABC ta warware wa duniya zare da abawa. Ta ce rufin nan yana da gangara, don haka akwai batun lafiyar wanda za a ɗora a kai, shi ya sa aka zaɓi a tsare ginin daga ciki. Allahu Akbar! Ina aka taɓa ganin uwar ɗaki mai jin ƙai haka? Mutanen da suka yi rantsuwa za su tare harsashi da ƙirjinsu, an hana su hawa kwano kada santsi ya kwashe su. Masu tsegumi sun yi ta nuna hotunan ranar, wai ga maharban hukumar nan biyu-biyu a saman wasu manyan rumfuna da ke bayan Trump, kuma gangarar rufin nasu ta fi ta wancan. To, ina ruwan wani? Waccan gangarar gida ce, an saba da ita. Shi kuwa yaron, da yake ba shi da shugabar da za ta ji tausayinsa, sai ya taka na'urar sanyaya ɗaki ya haye, ya bi rufin nan da bindiga bai zame ba. Ronald Rowe, wanda ya riƙe hukumar bayan Cheatle, ya je Butler da kansa, ya hau rufin, ya kwanta inda yaron ya kwanta, ya dawo ya faɗa wa sanatoci cewa abin da ya gani ya ba shi kunya. Shi ma ya sauko lafiya, ko targaɗe bai yi ba.

A fagen fasaha ma ba a bar ku a baya ba. Wajen ƙarfe 4 na yamma saura kaɗan, sa'o'i 2 da ɗoriya kafin harbi, yaron ya tashi ɗan jirginsa maras matuƙi kusa da filin, ya shafe minti 11 yana nazarin wurin daga sama. Kuna da na'urar da aikinta ke nan, gano irin waɗannan jirage. A daidai lokacin ba ta aiki. Jami'in da aka ba ta bai daɗe da fara koyonta ba, yana can riƙe da waya yana kiran layin taimakon kwastomomi na kamfanin da ya ƙera ta. An nemi ƙarin kayan wannan aiki kafin ranar, aka hana. 'Yan sandan yankin sun yi muku tayin nasu jirgin, kuka ce a bar shi. Mutunci ya fi komai. Ina babba ina aron kayan ƙarami?

Sai mu zo kan haƙuri, wanda a nan ne kuka kere sa'a. Fiye da sa'a guda kafin harbin, wani maharbin 'yan sandan yankin ya lura da yaron yana kai-kawo a gindin ginin, ya ɗauki hotonsa. Aka gan shi da na'urar auna nisa yana duban dandamali. Aka tura hoton ta waya, aka shiga nemansa, ya ɓace, ya sake ɓullowa. Kusan rabin sa'a kafin harbin labarin ya iso gare ku. Wata hukuma mai gajen haƙuri da ta ce ɗan takara ya dakata a mota minti 10 har a kamo wannan yaro a tambaye shi abin da yake aunawa. Ku kuwa ba ku san ɓata wa jama'a lokaci ba. Ƙarfe 6 da 'yan mintuna Trump ya hau dandamali, kusan lokaci ɗaya shi ma yaron ya hau nasa. Mutanen da ke tsaye a wajen shinge suka hango shi, maza da mata suna nuni da hannu suna ihu, ga shi can a kan rufi, yana da bindiga. Suna ta ɗauka da wayoyinsu, bidiyon yana nan duniya ta gani. Minti 2 kafin harbi aka sanar da ɗakin da kuke kula da tsaro cewa akwai mutum a kan rufi. Wani maharbinku ya hangi 'yan sanda suna gudu zuwa ginin da bindigogi a zare, bai faɗa wa masu tsaron jikin Trump su sauke shi ba. Da aka tambaye shi daga baya, ya ce tunanin hakan bai zo masa ba. Wani ɗan sandan ƙaramar hukuma abokin aikinsa ya ɗaga shi, ya kama bakin rufin ya leƙa, yaron ya juyo masa da bakin bindiga, ya saki ya faɗo. Aka yi shela ta oba-oba cewa mutumin yana ɗauke da makami. Shelar ba ta iso kunnenku ba, domin tashar oba-obarku daban, ta 'yan sandan gari daban, ɗakin ba da umarninku daban, nasu daban, sai an bi ta wayar hannu ana miƙa saƙo daga wannan zuwa wancan. An ma yi wa wani maharbinku tayin oba-obar 'yan garin, bai samu sukunin ɗauka ba, yana fama da gyaran tasa. Ƙarfe 6 da minti 11 yaron ya ja kunama.

Abin da ya tsare ran Trump a ranar ba ya cikin kasafin kuɗinku. Juya kai ya yi don ya dubi wani allo mai alƙaluman shigowar baƙin haure, harsashi ya shafi kunnensa na dama ya wuce. Kwana ne bai ƙare ba. Jami'an da suka faɗa kansa suka rufe shi da jikinsu, da maharbin da ya kashe yaron da harbi ɗaya, waɗannan sun yi aikinsu, ba ni da ta cewa a kansu sai alheri. Sai dai ko a nan ladabi bai bar ku ba: ya ce a bar shi ya ɗauki takalmansa, aka jira, ya ce a dakata, aka dakata, ya fito da kai sarari ya dunƙule hannu yana kiran a yi yaƙi, alhali ba wanda zai iya rantsuwa a lokacin cewa maharbin shi kaɗai ne. Ai hoton tarihi ba ya samuwa sai da haɗin kan dogarai.

Washegari kakakinku ya fito ya ce zancen wai an taɓa hana tawagar Trump ƙarin tsaro ƙarya ce tsagwaronta. Bayan mako guda hukumar ta amsa cewa, to, akwai lokutan da aka hana. Ranar 22 ga Yuli Cheatle ta zauna gaban kwamitin Majalisar Wakilai na tsawon sa'o'i, ta amince wannan ce gazawa mafi girma da hukumar ta yi cikin shekaru masu yawa, ta kauce wa tambayoyi bila adadin, ta amsa cewa ba ta ko je Butler ba tukuna, sannan ta ce ita ce ta fi dacewa ta ci gaba da riƙe hukumar. A ranar ta yi abin da ya gagari kowa a Amurka: ta haɗa kan James Comer na Republican da Jamie Raskin na Democrat, suka sa hannu a takarda ɗaya suna cewa ta sauka. Washegari ta sauka. Wannan hidima ga haɗin kan ƙasa ya kamata a rubuta ta.

Yanzu bari in juya ga jama'ar Amurka, kada su ce na yi son kai wajen rabon yabo. Sannunku da basira. Hukumar FBI da duk kayan aikinta ta yi watanni tana tonon wayar yaron da kwamfutarsa, ta yi hira da ɗaruruwan mutane, ba ta iya cewa ga dalilinsa ba. Ku kuwa kafin jinin kunnen ya bushe kun gama bincike kun yanke hukunci. Ɓangare ɗaya suka cika dandalin X da cewa shiri ne, wasan kwaikwayo ne, Trump ne ya tsara don ya ci zaɓe, alhali ga gawar mutum kwance a kan benci. Ɗaya ɓangaren suka ce gwamnati ce. Mike Collins, ɗan majalisa daga Georgia, ya rubuta cewa Joe Biden ne ya ba da umarni. J.D. Vance ya ɗora alhakin a kan kalaman yaƙin neman zaɓen Biden, bayan kwana 2 aka ɗauke shi mataimakin Trump a takara. Wasu suka yaɗa hoton wani ɗan jaridar wasanni na Italiya suna cewa shi ne maharbin, bawan Allah yana gidansa ya farka ya tarar duniya na tsine masa. Wasu kuma suka gano ainihin matsalar: mata ne a cikin dogaran. Rufin da ba a tsare ba, na'urar da ta mutu, oba-obar da ba ta haɗu ba, duk aka tattara aka jibga a kan matan da suka tsaya tsakanin harsashi da ɗan takara. Sai masu cewa kaico da ya kuskure. Wani mawaƙi ya faɗi haka a kan dandamali a Sydney, aka soke sauran wasannin ƙungiyarsu. Wata ma'aikaciyar ofishin wani ɗan majalisa ta rubuta irinsa, ta rasa aikinta.

Shi kansa yaron ya yi muku adalci, ya bar wa kowa abin kamawa. Ya yi rajistar zaɓe a matsayin ɗan Republican, ya kuma taɓa ba wata ƙungiya mai goyon bayan Democrat gudummawar dala 15 a 2021. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya ɗaga sama, ya zauna a kan ɗaya rabin. Biden ya yi jawabi daga fadar White House yana roƙon a sassauta zafin siyasa, ya kuma amsa cewa kuskure ne da ya yi amfani da kalmar saiti a kan Trump kwanaki kaɗan kafin harin. Trump ya ce zai yi jawabin haɗa kan ƙasa a babban taron jam'iyyarsa a Milwaukee. Ya fara da haka, amma jawabin ya ɗauki sa'a ɗaya da rabi, kuma tun kafin ya kai tsakiya an koma gidan jiya. Ranar 21 ga Yuli Biden ya janye daga takara, labari ya sauya. Kwana 8 cif kuka yi kuna jimami. Wa ya ce ba ku da zuciya?

A harkar kasuwa kam sai dai a sara muku. Ba a kwana biyu ba riguna masu hoton fuska da jini suka cika kasuwa. A Milwaukee wakilai suka manna farin bandeji a kunnuwansu masu lafiya don nuna biyayya. Aka fito da takalman kambas masu ɗauke da hoton, dala 299 ƙafa biyu, daga baya har da turare. Ba a bar ko ɗigon jini ya tafi a banza ba.

Abu ɗaya ne kowa ya girmama, ba a ɗaga masa murya ba: bindigar. Ƙirar AR-15 ce, mahaifin yaron ya saye ta bisa doka. Yaron da shekarunsa ba su kai dokar ƙasar ta yarda a sayar masa da giya ba, ya je filin koyon harbi ranar jajibiri ya gwada hannu, ranar harin ya shiga shago ya sayi harsashi 50. Ƙiyasi ya nuna bindigogin da ke hannun farar hula a Amurka sun kusa miliyan 400, sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2023 kaɗai bindiga ta ci rayuka fiye da 46,000, sama da rabinsu mutane ne da suka kashe kansu. Kwana 2 bayan Butler, a kewayen waje na taron Milwaukee, an hana shiga da ƙwallon tanis, amma dokar jihar Wisconsin ba ta bari a hana shiga da yawancin bindigogi ba. Ƙwallon tanis kam abin tsoro ne, Allah ya tsare. Wannan ce ƙasar da ke fitar da sanarwa tana gargaɗin 'ya'yanta kada su taka wasu jihohinmu. Rashin tsaronmu gaskiya ne, muna binne mutanenmu saboda shi, ba na musu. Amma masu ce mana a can komai a tsare yake, ga Butler nan su duba.

Mutum ɗaya ne a filin nan bakina ba zai iya yi masa irin wannan gaisuwa ba. Magidanci ne mai shekara 50, tsohon shugaban 'yan kwana-kwana na sa kai a yankinsu, ya zo kallon taro da iyalinsa. Da ya ji ƙarar harbi ya faɗa kan matarsa da 'ya'yansa mata ya rufe su, harsashi ya same shi a ka, ya mutu. Ba a ba shi horon gadi ba, ba ya cikin kasafin dala biliyan 3, ba shi da oba-oba, ba wanda ya aiko masa da hoton wanda ake zargi. Shi ne ya yi abin da aka ɗauki dubban mutane aiki don su yi. Wasu maza biyu, mai shekara 57 da mai 74, sun samu munanan raunuka. Da an dakatar da taron minti 10, da an ɗora ɗan sanda ɗaya a kan kwanon nan, da mutumin nan ya koma gida ya ci abincin dare da 'ya'yansa. Duk wanda ya rubuta cewa shiri ne, a kan kabarinsa ya rubuta. Duk wanda ya sayar da riga ko ya nemi ƙuri'a da ranar, da jininsa ya yi ciniki. An kai kayan aikinsa na kashe gobara kan dandamalin Milwaukee, Trump ya sumbaci hular, aka yi tafi. Matarsa da 'ya'yansa amsa suke nema, kuma sun cancanci a ba su.

Mu koma ga masu gadi, domin sun ɗauki darasi. Wata 2 bayan Butler, ranar 15 ga Satumba, wani mutum ya laɓe da bindiga a cikin shuke-shuken shingen filin golf na Trump a West Palm Beach, kuma bayanan wayarsa sun nuna ya kusa sa'a 12 a wurin. Wani jami'i mai ido ya hango bakin bindigar ya buɗe wuta, Allah ya saka masa. Amma ba a zagaya shingen an bincika ba kafin Trump ya shigo, wai don fitar ba ta cikin jadawali. Majalisa ta ga wannan ƙwazo ta ƙara wa hukumar dala miliyan 231 a watan. Kwamitin Majalisar Dattawa ya ce abin da ya faru a Butler ana iya hango shi, ana iya hana shi. Kwamiti mai zaman kansa ya ce a watan Oktoba idan ba a yi wa hukumar gyara daga tushe ba, wani Butler zai sake faruwa. Kwamitin Majalisar Wakilai ya zo a Disamba ya maimaita cewa abin da za a iya hanawa ne. Sean Curran, shugaban masu tsaron jikin Trump a ranar, shi aka naɗa shugaban hukumar baki ɗaya a Janairun 2025.

Hukuncin ya fito fili a Yulin 2025, shekara guda bayan harin. An dakatar da ma'aikata 6 ba albashi, mafi ƙaranci kwana 10, mafi yawa kwana 42. An kashe mutum ɗaya, an raunata uku, saura ƙiris ƙasa mai mutum sama da miliyan 330 ta kama da wuta, kuma har zuwa lokacin ba a kori ko mutum ɗaya daga aiki ba. Wannan sakaci ne da ya ci rai, kuma waɗanda suka yi shi ba su biya ba.